Yatsu Uku da Ramin Riɗi

Ruwan bana ya fara da yayyafin da ba ya jiƙa ko gefen mayafi, sannan ranar Laraba ya sauko na gaske. Da gari ya waye, tsagar ƙasar nan da ta yi wata bakwai tana haɗiye mana takalma da 'yan tsaki duk ta rufe baki, ƙasar Gadarif, a nan Sudan, ta koma baƙin yumɓu mai kama ƙafa. Na fito da kofin shayi don in tsaya in shaƙi ƙamshin, sai kawai na ga kofin a ƙasa, shayi yana bin taɓo. Ban ji lokacin da ya bar hannuna ba.

Kofi na huɗu ke nan tun bayan Sallah. Yatsu uku ne suke mini wannan wulaƙanci a hannun dama: babba, da manuni, da na tsakiya. Kullum kafin kiran asuba su suke tashina, sun sage, suna zugi kamar na kama minjirya, sai na yi ta yarfe hannu kafin in iya riƙe buta. Na shafa man riɗi, na sha bagaruwa, na ce ratuba ce, wato sanyin ƙashi da muke ɗora wa duk ciwon da ba mu san kansa ba. Da a ce ni wata ce da ban damu ba. Amma ni ce mai shuka a gidanmu, kuma ni mata suke kira in buɗe musu layin farko a gonakinsu, don an ce na gaji hannun Inna, mahaifiyata. Riɗi kuwa da waɗannan yatsu ukun ake tsakurar shi a jefa rami, babu wasu.

Bana kuma irin ba namu kaɗai ba ne. Nafisa, wadda yaƙi ya koro daga Madani da 'ya'yanta mata biyu, shekara biyu ke nan tana zaune a ɗakin bayan gidanmu. Ta sayar da keken ɗinkin da ta fito da shi a ka, ta sayi irin riɗi gwangwani guda, muka yanka mata gefe a gonarmu. Ta kawo mini irin da hannu biyu ta ce, “Ya Hajja, ke za ki zuba mini. Kowa ya ce hannunki ba ya faɗuwa.”

Ita ce ta ga kofin ya faɗi. A Madani aikin jinya take yi a asibiti, idonta ba ya barin irin wannan ya wuce. Ta zaunar da ni a bakin gado, ta juya hannuna, ta ƙwanƙwasa wuyan hannun da ɗan yatsanta. Wani abu ya tsarga mini har farce. Ta ce in lanƙwasa hannaye in haɗa bayansu in riƙe. Kafin ta ƙirga sittin yatsun sun tafi.

“Ba ratuba ba ce,” in ji ta. “Asab ne, yani jijiya. Tana bi ta wani ɗan lungu a nan wuyan hannu, lungun ya matse ta. Niƙa, tuƙin tuwo, kisra, wanki, lauje, shekara da shekaru. Ni ba likita ba ce, lakin na ga irinsa da yawa. Idan hanya ta bushe sai ki je mustashfa, asibitin Gadarif. Wani ɗauri ya ishe shi, wani sai an yi masa ɗan aiki.”

“Ciwo a yatsa, kina nuna mini wuyan hannu?”

“Haka yake. Kada dai ki bari wannan ta lotsa.” Ta danna tsokar da ke gindin babban yatsana. “In ta lotsa, ba kasafai take dawowa ba.”

Na kalli wurin da ta danna. Na san hannun da wannan tsokar ta lotsa a cikinsa har ya yi kwarmi kamar cokali. Ni na wanke shi da hannuna ranar da muka yi wa Inna sutura, kuma a lokacin na ɗauka tsufa ne.

Ina da shekara goma sha shida a shekarar da nake son faɗa. Damunar da ta gabace ta ta yanke da wuri, dawa ta tsaya a gwiwa ta bushe a tsaye. Kafin zafi ya kai tsakiya ramin ajiyar hatsinmu ya koma wurin kwanan kunamu. Tafkin da aka haƙa wa ƙauye ya janye ya bar wani ruwa mai kalar kunun kanwa, muna tacewa da gefen zane muna sha. Tuwo sau ɗaya ake yi, bayan la'asar, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda babu komai a cikinta sai gishiri. Da safe ruwan zafi da ganyen shayin jiya. Zafi yana dukan bukka har ciyawar rufi tana ƙara, mu kuma muna kwance a ƙasa don kada motsi ya ƙara mana yunwa. Na tuna ƙanwata tana lasar murfin gwangwanin sukari wanda ya yi wata biyu babu sukari.

Akuya ɗaya ta rage mana. Baba ya kai ta kasuwa ya dawo da irin riɗi a gwangwani, ya rataye shi can saman bukka inda ko shi sai ya taka turmi. Kowa ya san abin da ke cikin gwangwanin nan: suturarmu, da man girkinmu, da dawar da za mu saya bayan kaka. Babu na biyu.

Akwai kuma abin da ya riƙe mu kafin kakar ta zo. Inna ce mai buɗe gona a unguwarmu. Duk gidan da ya kira ta ta jefa musu layin farko, sai su aiko mata da dawa malwa guda, wato kamar kwano babba. Ko a shekarar yunwa ba a hana wannan, gara mutum ya kwana da ciki wayam da ya shuka gonar da ba a buɗe ba. Gida tara suka kira ta a shekarar.

Na lura da wasu abubuwa a lokacin, amma ban haɗa su ba. Inna tana yarfe hannu da asuba kamar mai korar ƙuda. Ta daina sa zare a allura, ta ce ido ne. In tana kisra, wainar nan ta dawa mai fele-fele, takan ɗago ta daga kasko da yatsu ba ta ko yamutsa fuska, maƙwabta suna cewa, “Hannun Inna ba ya jin wuta, baiwa ce.” Ni har gwadawa na yi, na ƙone. Yayana Usman ya kai ta Hawata a kan jaki wurin wani wanzami, aka yi mata ƙaho a kafaɗa, ta dawo da tsaga shida ta ce ta ji sauƙi.

Ruwa ya zo a makare, amma ya zo. Muka bari ƙasa ta sha kwana biyu ta yi laɓa-laɓa, rana ta uku muka fita da hantsi. A gidanmu mutum uku ke tafiya a layi. Baba a gaba da saluka, sandar nan mai baki da matakin ƙafa, yana takawa yana buɗe rami. Inna a bayansa da jakar iri a ƙugu. Ni a bayanta ina rufewa da dunduniya. Kuma ba a magana a kan layi. Mai shuka tana karatu a zuci, idonta a gaba, ba ta kallon hannunta ba ta kallon rami, don an ce mai leƙen rami ba ta yarda da Mai bayarwa ba. Wanda ke baya shi kaɗai ke kallon ƙasa.

Riɗi fari ne, ƙasarmu baƙa. Ba abin da za a ce ido ya ruɗe ba ne. Rami na farko na ga ƙwaya biyar ko shida, na rufe. Na biyu haka. Can wajen tsakiyar layi na ga Inna ta sa hannu a jaka, ta fito da shi, ta murza yatsu a kan rami, ta wuce. Na leƙa, babu komai. Na gaba ma babu. Na gabansa kuma tuli guda, kamar an zuba da cokali. Sai biyu lafiya, sai huɗu wayam.

Yunwa tana sa ni ganin taurari da rana tsaka, sai na ce ƙila idona ne. Na ce ƙila ƙwayoyin sun gangara cikin tsaga. Na ce wace ce ni da zan ce wa matar da gida tara suke jira, Inna ba ki jefa komai ba? A ƙarshen layi, inda aka yarda a yi magana, na kalle ta. Gumi na zuba daga haɓarta, leɓenta ya fashe, ta miƙo mini gorar ruwa ta ce in fara sha. Na sha na yi shiru. Kwana uku muna wannan, ina rufe ramuka da taɓo mai nauyi a ƙafa, ina rufe waɗanda ke da iri da waɗanda babu, har gwangwani ya ƙare.

Bayan mako muka je dubawa. Tun daga nesa Baba ya rage tafiya. Gonakin maƙwabta sun yi layi-layi kore shar, tamu kamar kan mai ƙazuwa. Nan tsiro ya cunkushe kamar gemu, can taki goma babu ko ɗaya. Dattawa suka taru suna ta zagaye. Wani ya ce tururuwa ce ta kwashe. Wani ya ce ɓera. Wani ya ce mai sayar da irin ya gauraya da na shekara uku. Wata gwaggo ta ce ido ne, an yi wa Inna baki saboda yawan yabo. Kowanne ya faɗa sai in ji kamar gaskiya ce, in saki abin da na gani, sai kuma ya dawo mini.

Daga ƙarshe wani tsoho ya tsuguna ya tona ramuka uku bai sami komai ba. Ya ce, “Riɗi ba ya son nauyi. In aka danne shi da yumɓu sai ya ruɓe a ciki, ko ɓawonsa ba za ka gani ba. Wa ya rufe?”

Baba ya juyo. Ƙafafuna kawai ya kalla, kowa ya bi idonsa.

Inna tana tsaye a gefe, hannunta a cikin mayafi. Na jira ta ce wani abu. Ta juya ta kama hanyar gida.

Muka gwada cire na cunkoso mu dasa a gurabe, rana ta kwantar da su kafin azahar. Ba iri na ƙari. Da kaka gonar ba ta ba da ko rabin abin da ta saba ba, Usman ya tafi Fau ƙwadago a gonakin auduga, muka ci wani rani da tuwo sau ɗaya. Dawar gida tara ce ta kai mu kakar da rai, wannan ba ni musunsa.

Ni kuwa na sami suna. Zainabu, ƙawata ta maƙwabta mai bakin tsiya, ita ta fara kirana Mai Dunduniya, ya bi ni har bakin rijiya. Aka cire ni daga layi aka mayar da ni ɗaukar ruwa. Shekara guda ina tafiya da kan yatsu ban sani ba, sai da aka yi mini dariya na gane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni kaina na daina sanin gaskiyar. Wata rana in rantse ramukan wayam suke, wata rana in ce yarinya mai jin yunwa me ta gani. Sau ɗaya na fara, “Inna, ranar shukar nan...” tana gaban kasko. Ta miƙo mini ɗan ganyen kabar da ake shimfiɗa ƙullu da shi ta ce, “Karɓi, hannuna ya gaji.” Maganar ke nan.

Damuna ta biyu bayan wannan, muna bakin gona, ta kwance jakar iri daga ƙugunta ta ɗaura mini a gaban mutane. Baba ya ce, “Ita?” Ta ce, “Ita.” Ta ci gaba da buɗe wa mutane layin farko har ta rasu, amma ba ta sake shuka gona sukutum ba. Na yi shekara arba'in ina juya wannan. Me ya sa za a ba wadda ta kashe gona jakar iri?

Ranar da Nafisa ta danna mini tsokar nan, da la'asar na hau tudun tafki, inda waya take kamawa, na kira Yaya Usman a Hawata. Da ɗan ƙaramin yatsa na danna lambar. Bayan gaisuwa da tambayar ruwa na ce, “Yaya, shekarar riɗin nan. Da ka kai Inna wurin wanzami, me ta ce maka?”



“Yanzu kuma me ya kawo wannan, Hajara?”

“Ka faɗa mini.”

“Ta ce yatsunta ba sa jin komai. Ta ce in ta sa hannu a jaka ba ta san ko ta ɗebo ko ba ta ɗebo ba.”

“Baba ya sani?”

“Ta faɗa masa a gabana. Ya ce gida tara sun riga sun aiko. Ya ce in aka ga wata ta shuka gonarmu, wa zai kira ta? Me za mu ci kafin kaka? Ya ce ta yi bismilla, hannu ya san aikinsa.”

“To ni fa?”

“Malesh, yi haƙuri, 'yar uwa. Ba wanda ya shirya hakan. Tsohon nan ne ya yi tambaya, aka rasa ta cewa. An ce ke yarinya ce, za ki manta.”

“Wa ya ce?”

“Wallahi ban tuna ba. Ko Baba, ko ita. Ko ni.”

Na sauko daga tudun ina zamewa a taɓo. Na zata in na ji gaskiya zan huta, sai na tarar ban ma san da wa zan yi fushi ba. In na tuna idon Baba a ƙafafuna sai raina ya ɓaci, in na tuna ƙanwata da murfin gwangwani sai ɓacin ran ya rasa wurin zama. Inna ta bar ni da sunan da ba nawa ba, ita ce kuma ta ɗaura mini jakar. Ina jin haushinta, ina jin tausayinta, duka a lokaci guda, har yau ban raba su ba.

Nafisa ta yanka kwali ta naɗe mini wuyan hannu da bandeji don barci. Ba ta tambaye ni zancen shuka ba. Ita a ganinta ciwo daban, baiwa daban. Ba ta taɓa tsakurar riɗi ba balle ta san da me ake jin sa. Na yi ta ce wa kaina layi ɗaya ne a gonakin mutane, wa zai lura. Na ce wa kaina shekara arba'in hannu ya san aikinsa. Da na ji wannan maganar a bakina sai na tofar da yawu.

Ranar Asabar ƙasa ta yi daidai. Ɗana ya ɗauki saluka, matarsa Rabi ta tuɓe takalmi don ita ce mai rufewa, Nafisa ta zo da gwangwaninta ta juye mini a jaka. Mata biyar na unguwa suna tsaye a bakin gona suna jiran in gama in bi su, Zainabu a cikinsu, ta tsufa ta yi Hajja amma bakin yana nan. Na sa hannu a jaka. Na san riɗi yana ciki don na gan shi yana shiga. Yatsuna suka ce mini babu komai sai ɗumi. Na waiwaya na ga Rabi, idonta a ƙasa tun kafin a fara.

Na kwance jakar.

“Yumma, lafiya?” in ji ɗana.

“Ba zan shuka ba. Yatsuna uku sun mutu, ba na jin iri. In na shuka, rabin ramukan nan wayam za a rufe su.” Na ɗaga murya yadda na bakin gona za su ji. “Ku ma ba zan buɗe muku ba bana. Jijiya ce ta matse, sai na ga likita.”

Wata a cikinsu ta ce, “To wa zai buɗe mana, ya Hajja?” Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba. Na ɗaura wa Rabi jakar don yatsunta lafiya suke, na ce ta kalli hannunta ta kalli rami yadda take so, duk wanda ya ga wani abu a layi ya faɗa. Ta riƙe jakar kamar abin da zai cije ta. Nafisa ta kalle ni ta kalli irinta a ƙugun yarinyar da ba ta taɓa shuka ba, na ga tsoro a fuskarta.

Matan suka watse ɗaya bayan ɗaya, suna magana ƙasa-ƙasa. Na zauna a kan kututture ina jin kamar an tuɓe mini mayafi a kasuwa. Zainabu ce kaɗai ba ta tafi ba. Na shirya jin abin da bakinta zai fitar. Ta zo ta zauna kusa da ni da ƙyar, muka kalli Rabi tana sunkuyawa a kan kowane rami kamar mai neman ɗan kunne.

Can ta fito da hannunta na dama daga cikin mayafi ta ajiye a gwiwa.

“Shekara uku ke nan jikata ke ɓalle mini maɓallin riga,” in ji ta, ba ta kalle ni ba. “Na ce musu lalaci ne. In hanya ta bushe, ki aiko a kira ni. Mota ɗaya za mu hau.”